Filin Tambayoyinku: Ina ta biya amma bashin ya ƙi motsi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki ya fama da mu. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ma'aikaci ne mai ɗaukar albashi kuma bashi huɗu ne a wuyana, na banki na ci rancen 100,000 a kan ruwa kashi 3 cikin 100 duk wata ina biyan 5,000, wata takwas kenan ban taɓa tsallake ko ɗaya ba, sai na ƙungiyar wajen aikinmu 60,000 babu ruwa a kai, yayana yana bi na 25,000, sai ragowar kuɗin wayar da na ɗauka biya kaɗan-kaɗan saura 15,000. Shekaranjiya na daure na duba na bankin sai na ga wai saura 82,000 da 'yan kai, alhali ni a lissafina na ba su 40,000 ya kamata a ce saura 60,000. Wallahi jikina ya yi sanyi, yanzu ko saƙon banki ya shigo ba na buɗewa. Abin da na mallaka babur ne wanda in na sayar yau zai yi 90,000, wayar za ta yi 20,000, sai 12,000 a asusu. Anti gaba nake yi ko baya, kuma ta yaya mutum zai gane?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh da farko dai ka kwantar da hankalinka babu wanda ya cuce ka a lissafin nan, na zauna na buga shi da kaina kuma ya fito daidai da abin da ka gani, sai dai haushin da ka ji ma yana kan hanya don ba a yi maka bayani ba ranar da ka sa hannu, ko kuma an yi maka hankalinka yana kan kuɗin da za su shigo. Ga yadda abin yake. Watan farko ana bin ka 100,000, ruwansa 3,000, kenan cikin 5,000 ɗin da ka miƙa 2,000 ne kacal ya taɓa uwar kuɗin. Wata na biyu saura 98,000, ruwa 2,940, uwar kuɗi ta samu 2,060. Haka aka yi ta tafiya har wata takwas, cikin 40,000 ɗinka kusan 22,200 ruwa ya sha, kusan 17,800 ne ya rage bashin. Irin wannan bashi mai ruwa haka halinsa yake, farkonsa ruwa kake ciyarwa, sai can gaba uwar kuɗin take fara jin duka.

Amma ga abin da ba ka lura da shi ba, kuma shi ya sa na zaɓi wasiƙarka ta zo a gaba. A biyan da za ka yi na tara ruwan zai kama 2,466 ne, uwar kuɗi 2,534. Wato wannan watan da kake cewa jikinka ya yi sanyi shi ne karon farko da abin da ke rage bashin ya fi abin da ruwa ke ci, kuma daga nan kullum tazarar ƙaruwa za ta riƙa yi. Ka haye tudun kenan ba ka sani ba saboda ba ka rubutawa. In ka ci gaba da 5,000 saura maka wata 23. In ka iya matse wani wuri ka mayar da shi 7,000 zai dawo wata 15, kuma kusan 12,000 da ruwa zai lashe zai tsaya a aljihunka. Ka dai fara tambayarsu ko suna cin tara in mutum ya biya fiye da ƙa'ida ko ya gama da wuri, wasu masu ba da rance suna da wannan sharaɗin a ƙananan rubutun da ba ma karantawa.

Yanzu ainihin tambayarka, gaba kake ko baya. Ba za ka taɓa ganewa ta hanyar leƙa aljihu ba, don aljihun mai biyan bashi kullum a bushe yake ko da kuwa yana cin nasara. Akwai lamba guda ɗaya da nake so ka riƙe, ni ina kiranta tataccen arziki, wato ka haɗa duk abin da ka mallaka a farashin da zai sayu yau, ka haɗa duk abin da ake bin ka, ka cire na biyun daga na farkon. Abin da ya rage shi ne kai. Naka ga shi, babur 90,000 waya 20,000 asusu 12,000 ya tashi 122,000. Bashi kuma 82,000 da 60,000 da 25,000 da 15,000 ya tashi 182,000. Ka cire, kana ƙasa da sifiri da 60,000. Na san ba daɗin ji, amma ka duba fa, yanzu abin yana da kai yana da ƙafa, ba dodon nan ba ne da ke hana ka barci wanda ba ka san girmansa ba. Kuma kasancewa ƙasan sifiri ba abin kunya ba ne, bashi hanji ne yana cikin kowa, akwai masu hawa manyan motoci da in za a yi musu wannan lissafin ramin da suke ciki ya ninka naka sau ɗari.

Ka nemi littafi ɗan ƙarami, irin na 'yan makaranta ma ya isa. Ka zaɓi rana ɗaya a wata kar ka riƙa canza ta, ni na fi son jajibirin albashi, ranar da asusu yake a mafi ƙanƙantarsa, don in ka yi lissafin ranar da kuɗi suka shigo za ka yaudari kanka ne kawai. Shafin hagu abin da kake da shi, shafin dama abin da ake bin ka kowanne da layinsa, can ƙasa lamba ɗaya ka zagaye ta da biro. Wata mai zuwa ka sake. Aikin minti goma sha biyar ne. Wannan ɗabi'ar ta jera dukiya gefe guda bashi gefe guda ba sabon abu ba ce, fataken Italiya sun daɗe suna yi kafin wani masanin lissafi Luca Pacioli ya buga bayanin tsarin a birnin Venis a 1494, kuma har gobe manyan kamfanoni a kansa suke, to kai ma ƙaramin kamfani ne ka ɗauki kanka haka.

Wani abu da zai iya ɗaure maka kai in ban faɗa ba. Ranar da ka ciri 10,000 daga asusunka ka kai wa yayanka, lambar nan ta ƙasa ba za ta motsa ba ko kaɗan, don hagu ya ragu da 10,000 dama ma ya ragu da 10,000. Kar ka ce to meye amfanin. Abin da ke ɗaga lambar shi ne duk kuɗin da ka samu a watan ba ka cinye ba, ko ka kai shi bashi ko ka ajiye duk ɗaya ne a wajenta, abin da ke sauke ta kuwa kashe-kashe ne da ruwan bashi da tsufan kaya. Shi ya sa nake cewa mai biyan bashi tara dukiya yake yi ko da bai ga komai a hannu ba, kuɗin da da sun tafi a hidima sun tafi cike rami ne.

Maganar ƙin buɗe saƙon banki kuwa ba kai kaɗai ba ne, har suna masana suka ba abin, ɗabi'ar jimina, saboda camfin nan na cewa jimina tana cusa kai a rairayi in ta ga haɗari (ba ta yi fa a gaskiya, sharri ake mata). A 2009 George Loewenstein da abokan bincikensa sun nuna cewa masu hannun jari sun fi leƙa asusunsu in kasuwa tana sama, in ta faɗi sai su rage leƙawa. Ni kaina na yi shekara guda cur ina wannan wasan ɓuyan da wani rance da na ci, takardar tana zuwa ina cusa ta ƙarƙashin littattafai ko buɗewa ba na yi, ranar da na daure na zauna da jan biro na tarar har da tarar jinkiri ta wata biyu da ban ma san da ita ba. Littafin yana nan har yanzu, shafin farko hannuna rawa yake har bakwai ɗina ta yi kama da ɗaya. Saboda haka buɗe saƙonnin nan yau, duka.

TAMBAYA: Anti barka da war haka. Ni 'yar kasuwa ce ina sayar da kaya daga gida, na ji ana maganar mutum ya lissafa arzikinsa na gwada sai na rikice. Zan sa kujeru da gado da firij? Gwal ɗina fa? Sannan mutane da yawa ina bin su kuɗin kaya wasu har shekara biyu, su ma dukiyata ce ko? Da na haɗa komai sai na ga ashe ni mai kuɗi ce amma kuma ko kuɗin saro kaya ba ni da shi.

AMSA: Hahaha 'yar uwa ai kin amsa wa kanki a layin ƙarshe, mai kuɗin da ba ta da kuɗin sari akwai gyara a lissafinta. Ƙa'idar ɗaya ce, kar ki rubuta abu a farashin da kika saya, ki rubuta shi a farashin da wani zai ƙirgo ya ba ki a satin nan in kin ce sayarwa za ki yi. In kika bi wannan za ki ga kujeru da gado sun zube warwas, shi ya sa ni ba na ma sa su, tunda ba sayarwa za ki yi ki kwana a ƙasa ba kuma duk shekara ƙara faɗuwa suke, sa su a ciki kumbura lamba ne kawai. Firij in na sana'a ne ki sa shi a farashin na hannu. Mota da babur da waya a sa su amma a riƙa rage musu daraja lokaci-lokaci, kamar duk wata shida, don ba sa ƙara yarinta.

Gwal dukiya ce sosai ki sa shi, amma da nauyinsa za ki yi lissafi a kan farashin da masu saye ke saye, ba wanda suke sayarwa ba, kuma kuɗin ƙira da kika biya ranar saye ba ya dawowa. Kayan da ke jibge a ɗaki ba ki sayar ba tukuna ki rubuta su a kuɗin sari, ribar da kike hange ba taki ba ce sai ta shigo, waɗanda kuma yayinsu ya wuce ki rage musu ko da zuciya ba ta so.

Sai babbar maganar, masu riƙe miki kuɗi. Ki raba su gida uku tsakaninki da Allah. Waɗanda suke biya a kai a kai ki rubuta nasu cif. Waɗanda sai kin yi sintiri kin gaji suke ba da wani abu ki rubuta rabi. Wanda ya shekara biyu, ya daina ɗaga wayarki, in ya hango ki ya canza hanya, ki rubuta sunansa a bayan littafi da sifiri a gabansa. Ban ce ki yafe ba kuma ban ce ki daina bi ba, in ya kawo wata rana sai ki ɗauka tsintuwa ce, amma kar ki gina lissafinki a kansa. Bankuna ma da kansu haka suke yi, suna ware wani kaso su ce wannan da wuya ya dawo.

Kuma ki ƙara layi ɗaya a ƙasan babbar lambar, wato nawa ne a ciki zai iya zama tsabar kuɗi a hannunki cikin kwana biyu ko uku. Wannan layin ne zai bayyana miki dalilin da ya sa kike mai kuɗi a takarda amma babu na sari, jarinki ya maƙale ne a hannun mutane da kayan da ba su tafi ba. Sannan dan Allah ki raba kuɗin sana'a da na hidimar gida ko da a leda biyu ne, in suna cakuɗe babu lissafin da zai taɓa fita.

TAMBAYA: Salam Anti. Muna ta musu da abokina, shi ya ce a fara kashe ƙaramin bashi, ni na ce wanda ya fi ruwa. Waye da gaskiya? Kuma ya halatta in ci sabon rance in biya tsofaffin gaba ɗaya in huta?

AMSA: A lissafi kai ne da gaskiya babu ja. Kowane bashi ka ba shi mafi ƙarancin abin da aka wajabta, duk rarar da ta saura ka danna wa wanda ruwansa ya fi yawa, haka ne za ka biya mafi ƙarancin kuɗi gaba ɗaya. In kana son ka ji tsoron ruwa ka raba 72 da adadinsa, abin da ya fito shi ne kusan tsawon lokacin da bashin zai ninka kansa in an bar shi ba a taɓa ba, kashi 3 a wata kenan wata 24 ya zama biyu. Kuma kashi 3 a wata ba ƙaramin abu ba ne kamar yadda yake a kunne, in ruwa yana hawa kan ruwa ya haura kashi 42 a shekara.

Sai dai abokinka ma ba shirme yake ba, don mutum ba kalkuleta ba ne. A 2012 wasu masu bincike biyu a Amurka, David Gal da Blakeley McShane, sun bi bayanan mutanen da ke fama da basussuka da yawa suka ga cewa yawan basussukan da mutum ya rufe gaba ɗaya yana nuna ko zai kai ƙarshen tafiyar, ba tare da la'akari da girman kuɗin da ke cikinsu ba. Daɗin jan layi a kan suna ɗaya ka ce na gama da wannan yana ƙara wa mutum ƙarfin gwiwa. Tun a shekarun 1930 wani masanin halayya Clark Hull ya lura ɓeraye suna ƙara gudu in sun kusa inda ladarsu take, mu ma dai kusan haka muke. To ni ra'ayina, in akwai ɗan ƙaramin da za ka iya kashewa cikin wata biyu ko uku kashe shi ka ji iska, daga nan ka juya kan mai ruwa ka zauna a kansa, kuma kuɗin da kake ba wa bashin da ka kashe kar su koma cefane, ka ɗora su kan na gaba. In kuwa ka san kai mai taurin zuciya ne da lissafi kaɗai ke isarka, bi hanyarka tun farko. Bashin ɗan uwa ko aboki kuma duk da babu ruwa a kansa yana cin wani abu da ba ya shiga littafi, zumunci, don haka ko kaɗan ne a riƙa miƙawa ana faɗa masa inda aka kwana.

Cin sabon rance don biyan tsofaffi, in ruwansa ya fi sauƙi da gaske bayan ka haɗa da kuɗin fom da duk wasu caje-caje, kuma ba a ja maka lokacin ya yi tsawon da jimillar za ta fi ta da ba, yana iya zama dabara. In ba haka ba tsugune ba ta ƙare ba an sayar da kare an sayi biri. A littafinka za ka ga gaskiyar da idonka, layi huɗu sun koma ɗaya amma lambar ƙasa tana nan inda take, wani lokacin ma ta ɗan sauka.

TAMBAYA: Anti na fara rubutawa wata biyar kenan, wata uku lambar tana hawa sai wata biyun nan ta faɗo saboda rashin lafiyar yaro da gyaran mota. Na karaya. Kuma wace manhaja ce ta fi kyau a waya?

AMSA: Allah ya ba yaro lafiya ya sa kaffara ne. Ki daina gwada wannan watan da wanda ya wuce, ki riƙa gwada shi da na wata shida baya, in kin shekara kuma da na bara war haka. Layin ba ya taɓa tafiya a miƙe wa kowa, hawa da sauka yake kamar haƙoran zarto, inda ya dosa ake dubawa. Ki riƙa rubuta dalili a gefen duk watan da ya faɗo, kalma biyu ta isa, asibiti, gyaran mota, bayan shekara za ki ga abubuwan da muke kira ba-zata kusan duk shekara sai sun zo, sunansu ne kawai ke canzawa. Maganinsu ɗan asusun ko-ta-kwana, masana sukan ce na hidimar wata uku zuwa shida, amma mai bashi ya fara da na wata ɗaya ma ya yi ƙoƙari, don shi ne zai hana ki komawa cin sabon rance duk ranar da taya ta fashe. Ki kuma sa ido kan hauhawar farashi, in ajiyarki ta ƙaru da kashi 10 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 15 to lamba ta hau amma abin da za ta saya ya ragu, saboda haka lokaci-lokaci ki raba abin da kika tara da kuɗin hidimarki na wata ki ga wata nawa zai riƙe ki, wannan awon hauhawar farashi ba ta iya yi masa wayo.

Manhaja kuwa duk wadda za ki buɗe ranar da kika sa wa kanki ita ce mai kyau. Excel ko Google Sheets sun wadatar, su ne za su yi miki haɗawa da cirewa har su zana miki layin ki gan shi yana tafiya, kuma aikin da aka ƙirƙiro irinsu dominsa kenan tun VisiCalc ta 1979. Wadda za ta ce sai kin ba ta lambar sirrin bankinki ko ta nemi shiga lambobin mutanen da ke wayarki, ki goge ta. Ni dai har yau littafi da biro nake, na gwada waya sau biyu ina shiga don lissafi sai in tsinci kaina a WhatsApp.